Safar Hannun Taubashina da Rijiyar Kakanmu

Ina farawa da sunan Wanda ya ɓoye ruwa a ƙarƙashin yashi, sannan ya sanar da bayinsa hanyar isa gare shi. Duk wanda ya ga asalin wannan takarda zai lura baƙaƙen sun karkace, wasu sun hau kan wasu. Da ba haka rubutuna yake ba. Akwai lokacin da malamai ke aiko mini da takardu daga Tasawa don in kwafa musu, saboda kyawun hannuna. Yanzu yatsuna uku na dama sun lanƙwashe ba sa miƙewa, fatar tafina ta yi kauri kamar ƙiri, alƙalami kuwa sai na cusa shi tsakaninsu kamar mai dasa itace. Rijiya ce ta mayar da su haka, kuma labarin da zan bayar na hannu ne, nawa da na wani.

Ƙauyenmu yana kan hanyar yashi tsakanin Attantane da Gidan Amumune, inda ruwa ke da nisa ƙwarai. Rijiyar gari kakanmu ne ya gina ta, zurfinta ya haura gaba talatin, kuma shanu ke jan gugarta. Gidanmu ya gaji abu biyu, karatu da aikin rijiya. Idan guga ta faɗa ƙugiya ta kasa ɗauko ta, ko yashi ya toshe idon ruwa ana bukatar yasa, ƙofarmu ake zuwa. Da damina mu yi noma, da rani mu shiga rijiyoyin mutane, safe da yamma kuma muna gaban allo.

Akwai wata al'ada da kakanmu ya bar mana, wadda ban gan ta a wani gari ba. Mai shiga rijiya ana ɗaura masa igiya biyu. Babbar ita ce ƙarti ke saki suna ja. Ƙaramar kuwa mutum ɗaya ke riƙe ta a tafinsa, da ita na ƙasa ke magana: ja ɗaya a dakata, ja biyu a ɗaga guga, ja uku a fito da ni. Kafin a sauka, mai shiga da mai riƙon ƙaramar igiya sai su tsuguna a bakin rijiya gaban jama'a, su kama hannun juna, kowa ya tambayi ɗan'uwansa ko akwai wani ƙulli a zuciyarsa game da shi. In akwai, sai a faɗa a warware. Kakanmu yana cewa tafin mai ƙulli ba ya jin ja na uku da wuri.

Mu biyu muka tashi a wannan aiki, ni da taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda na girme shi da damina biyu. Shi ya fi ni dogon numfashi, ni na fi shi karatu, kuma kowannenmu na kiran ɗan'uwansa bawansa kamar yadda taubasai ke yi. Muna samari wata shekarar yunwa ta kore shi zuwa Kwatano, can bakin teku. Can aka gane yana iya daɗewa a ƙarƙashin ruwa, aka koya masa nutso irin na masu gyaran gindin jiragen teku, ya zauna fiye da shekara talatin, sai dai ya zo gida ganin dangi ya koma. Ni na zauna. A zamanina aka fara sa wa rijiyoyi zoben siminti, kuma ɗanyen siminti a cikin ruwa yana cin fata kamar yadda gara ke cin zana. Igiya ta ƙarasa abin da siminti ya rage.

Shekarar da ya dawo gaba ɗaya, kabu-kabu ya sauke shi a ƙofar gida da hantsi, da wata baƙar jaka doguwa a bayansa. Na fito na miƙa masa hannu. Abin da na riƙe a tafina ya ba ni mamaki: hannu ne na dattijo mai furfura, amma mai laushi, yatsu a miƙe, farata cikakku. Na ji kunyar nawa har na yi saurin janye shi cikin hannun riga.

"Bawana, mi ya ci maka hannu haka?" in ji shi. "Ko ɗalibai ne suka gaji da bulala suka rama?"

"Aikin da ka gudu ka bari ne," na ce. "Kai kuma wace amarya ka karɓo wa nata?"

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Bayan an ci abinci ya buɗe jakar a zaure, maƙwabta suka taru. Ya fito da wata riga ta roba wadda ke rufe mutum daga wuya har tafin ƙafa. A bakin kowane hannun rigar akwai zobe mai tauri. Sannan ya fito da safar hannu shuɗiya, ita ma da nata zoben a wuya. Ya zura hannu, ya haɗa zobe da zobe, ya murɗa, muka ji ƙas. Ya sa aka kawo bokitin ruwa, ya nutsa hannun har gwiwa, ya daɗe yana ba da labarin teku, sannan ya cire safar ya nuna mana tafinsa. Ko danshi babu. A ciki ma akwai wata siririyar safa ta ulu, a bushe kamar ba ta taɓa jin labarin ruwa ba.

Mai gari ya tambaye shi kuɗinta. Ya ce masu aikin da ya yi wa ba su ba shi ita ba, da guminsa ya saya, kuma zobban nan da safar kaɗai sun ci abin da zai sayi rago mai kyau na layya. Ita safar takan huje a sake wata, zobban ne masu tsada. Rigar kuwa, ya ce, kada ma a yi maganarta a gaban mata, don za su ce ya haukace.

Mutane suka yi ta juya safar suna yabawa. Ni na ce Allah ya sa albarka, da murya irin wadda ta dace. Amma a raina lissafi nake yi: rago ɗaya. A cikin shekaru talatin ɗin nan raguna nawa suka ratsa ta gidana, na yanka, na sayar, na bayar? Ashe abin da ya raba hannuna da nasa bai fi dabba ɗaya ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini akwai irin wannan abu a duniya. Shi da ya sani, ya zo gida sau da yawa, ya ga hannuna na lalacewa, bai taɓa ambata ba. Wannan tunani na ƙarshe shi ne ya kafa saiwa.

Malamai sun raba tsakanin abu biyu. Akwai wanda ke ganin ni'ima a hannun wani ya so irinta ba tare da ya so ta gushe daga mai ita ba, wannan babu laifi. Akwai kuma wanda ke son ta gushe, ko shi ya samu ko bai samu ba, wannan ita ce hassada. Na karantar da wannan bambanci sau da yawa, kuma watanni na yi ina gaya wa kaina cewa nawa na farkon ne. Don in tabbatar wa kaina, ranar wata kasuwar Gidan Amumune na je wurin wani ɗan kasuwa mai sauko da kaya daga bakin teku, na ce wani ne ya aiko ni tambaya. Ya duba a salularsa ya daɗe, sannan ya juyo mini da hoton.

"Malam, wanda ya aiko ka yana da rigar?"

Na ce ba shi da ita, safar kaɗai yake so.

"To safar ba ta aiki sai da zobe, zoben kuma ba ya zama sai a hannun rigar, rigar kuma sai an auna mutum. In ya sa safar ita kaɗai, ruwa zai shiga ta wuya ya zauna a ciki, gara ma hannu tsirara. Ka ce masa ya shirya sayar da bijimi, ya ƙara da wani abu, kafin a yi maganar kuɗin kawowa." Ya dubi hannuna da ke kan sanda, ya sauke murya. "Allah ya ba wanda ya aiko ka lafiya, Malam."

Na koma gida a kan amalanke. Tun da ta tabbata ba zan samu irinta ba, sai sha'awar ta juya ta zama ɗayan abin. A sahun salla idan ya tsaya kusa da ni, idona kan sauka a kan yatsunsa lokacin zaman tahiya. Idan yana ɓare gyaɗa a dandali ina kallon yadda farcensa ke shiga cikin sauƙi. Har ƙulle maɓallin rigarsa da yake yi da hannu ɗaya ya zama abin da ke ɓata mini yini.

Da rani ya tsananta, rijiyar kakanmu ta fara ja da baya. Guga na fitowa rabi ruwa rabi yashi, mata na kwashe yini a layi, makiyayan da ke shayarwa a wurinmu suka fara karkata zuwa wani gari. Zoben siminti na can ƙasa ya fashe, yashi ya zubo ya danne idon. Ni shekara biyu ke nan rabona da sauka, ƙirjina ba ya riƙe numfashi kuma yatsuna ba sa kama igiya. Samarin da ya kamata su gaje mu sun tafi neman zinariya da aikin ƙasashen arewa. Aka taru a ƙofar mai gari, taubashina ya ce shi zai shiga da kayansa, in riƙe masa ƙaramar igiya.

Mai gari ya juyo wurina, don ni ake tambaya a kan tsarki da ƙazanta. Tambayar ladabi ce kawai, yana jiran in ce bismilla. Sai na ji bakina yana cewa akwai abin dubawa. Na ce wannan kaya ya shekara talatin a gindin jiragen da ba mu san abin da suke ɗauka ba, a ruwan da ƙazantar babban birni ke zuba a ciki, kuma ba mu san da me aka yi robar ba. Wannan rijiya da ita gari ke alwala. Na ce ban ce haramun ne ba, amma tsantseni ya fi, musamman safar, tun da ita ce za ta taɓa idon ruwan.

Na san hukuncin gaskiya sarai, yaran makaranta ma sun san shi. Asalin abubuwa tsarki ne har sai an tabbatar da ƙazanta, wanki na gusar da abin da ya taɓa, kuma ruwa mai yawa ba ya ɓaci sai launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya sauya. Amma na jera maganata da kyau, na sa mata kalmomin Larabci a inda suka dace, kuma babu wanda ke da karatun da zai ja da ni. Dattawa suka gyaɗa kai.

Taubashina ya dube ni ya ɗan daɗe. "Na wanke ta da sabulu sau ba adadi, Alaramma."

"Ban musa ba. Zuciyar jama'a nake dubawa."

"To shi ke nan," in ji shi. "Da hannu kakanmu ya gina ta. Zan shiga yadda na saba muna yara."

Washegari bayan an sa shanu sun rage ruwan, muka tsuguna a bakin rijiya, jama'a na kewaye da mu. Ya sa tattausan hannunsa cikin nawa.

"Akwai ƙulli?" na tambaye shi.

"Akwai. Tun muna yara ka cinye mini ƙwan zabi ka ce muzuru ne. Na yafe." Aka yi dariya. "Kai fa, bawana, akwai ƙulli?"

"Babu," na ce.

Aka sauke shi da gajeren wando kawai. Na riƙe ƙaramar igiya, ina jin motsinsa a tafina. Aikin can ƙasa na san shi kamar yadda na san ɗakina: mutum zai nutsa ya kwashi yashi da tsakuwa da hannu ya cika guga, ya lalubo ɓaraguzan siminti masu kaifi, da ƙarafan cikin zoben da suka yi tsatsa suka fito kamar ƙaya. Guga ta yi ta hawa da sauka. Wajen ta goma sha wani abu na ga jan launi a jikin igiyar gugar inda ya kama. Kafin azahar ya ja sau uku.

Da aka fito da shi ya zauna a kan gungume ya buɗe hannuwansa a kan gwiwa. Tafin ya daddare, fatar yatsu ta saluɓe, wani ƙarfe ya tsaga masa gindin babban yatsa. Mata suka yi ta sannu. A nan ne zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami: da na ga hannuwan nan, kafin tausayi ya zo, wani sanyi ya ratsa ƙirjina, irin na mai ƙishi da ya sami randa. Na ce a raina, yanzu ya ɗanɗana. Bai daɗe ba, ƙiftawar ido ne, amma na gan shi da kyau, kuma na san sunansa a karatu.

Aikin ko rabi bai kai ba. Da la'asar na je gaishe shi, na tarar matarsa ta shafa masa man kaɗanya ta naɗe hannuwan da tsumma, tana ba shi fura a baki da ludayi. Baƙar jakar na rataye a bango.

"Ka gani, Malam, na zama jariri," in ji shi. "Gobe sai a ƙarasa. In aka bari yashin zai sake zubowa, wahalar yau ta tashi a banza."

"Da wanga hannu za ka koma?"

"Da na wa zan koma? Naka ka ba ni aro?"

Bai ce mini komai game da safar ba, ko kallon jakar bai yi ba, kuma wannan ya fi mini zafi fiye da a ce ya zage ni. Na fito ina auna abu biyu. In na yi shiru, zai koma da buɗaɗɗen rauni cikin tsatsa da yashi, kuma na ga mutanen da irin wannan ya raba su da yatsa, wani ma da hannu. In na yi magana, garin da ya shekara talatin yana karɓar hukunci daga bakina zai san na taɓa karkatar da shi don son zuciya. Ina so in ce na zaɓa nan take. Ban zaɓa ba. Har na yi tunanin in ce na sake duba littattafai na sami sauƙi, wanda zai cece shi ya kuma rufa mini asiri.

Da wannan niyya na zo bakin rijiya da safe. Muka tsuguna. Ya miƙo hannuwansa a naɗe, jini ya ɓullo ta tsumman, na riƙe su a hankali.

"Akwai ƙulli?" in ji shi.

Maganar sake duba littattafai tana kan harshena. Amma tambayar ba a kan littattafai take ba, kuma igiyar da ransa zai rataya a kanta tana ajiye kusa da ƙafata. Jiya na riƙe ta da ƙarya Allah ya rufa asiri. Ban ga yadda zan sake ba.

"Akwai," na ce. Na ɗaga murya yadda na bayan za su ji. "Hukuncin da na bayar shekaranjiya ba shi da tushe. Kayansa masu tsarki ne, kuma na san haka tun lokacin da nake magana. Hannunsa nake wa hassada tun ranar da ya dawo. Jiya da na ga ya ji ciwo, na ji daɗi."

Mai gari ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa. Taubashina bai saki hannuna ba.

"Na sani," in ji shi a hankali. "Karatuna bai kai naka ba, amma tare muka zauna gaban kawu, mahaifinka, ranar da ya karantar da babin ruwa. Na ce bari in ga inda bawana zai kai." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ma akwai nawa. Na zo gida sau nawa na ga hannunka, ban taɓa kawo maka ko safar masu gini ba. Ina tsoron ka ce na raina ka. Daga baya kuma na daina lura. Ka yafe."

Na ce na yafe, shi ma ya ce ya yafe. Sannan ya juya wurin jama'a ya ce wani ya je ya ɗauko jakar, kuma a shaida cewa daga yau bawan nan nasa ya ƙara araha.

Aka sa masa rigar, aka zura naɗaɗɗun hannuwan cikin safar yana cije leɓe, zobban suka yi ƙas. Ya ɗaura duwatsu a ƙugu don rigar ba ta barin mutum ya nutse. Kwana biyu ya yi yana sauka, yana fitowa jiƙe da gumi kamar an dafa shi, raunukan kuwa a bushe. A rana ta biyu na ji igiya ta yi wata rawa a tafina wadda ba ja ba ce, na gane idon ya buɗe kafin kowa ya sani.

Abin da na ji tsoro ya faru, ko da yake ba duka ba. Har yanzu ni ake tambaya a gari, amma akwai gidaje biyu da tun ranar suke kai tambayoyinsu Attantane, kuma idan na ba da hukunci a majalisa nakan ga wani ya dubi wani. Ban ga laifinsu ba.

Bayan hannunsa ya warke, da tabo ɗaya kawai a gindin babban yatsa, ya zo zaurena wata safiya da safar a aljihu. Ya ce in gwada, ko sau ɗaya, in ji yadda take. Na zura hannun dama. Yatsuna uku da suka lanƙwashe suka ƙi shiga gidajensu, suka dunƙule a tafin safar, yatsun roba na lilo babu kowa a ciki. Ya yi ƙoƙarin miƙar mini da su, na ce ya bari. Ya cire ta ya mayar aljihu, muka koma maganar farashin wake.

Hausawa na cewa hassada ga mai rabo taki ce, amma ba su faɗi tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta bar mai yin ta ba. Na tuba, kuma ba na fatan wani abu ya sami hannunsa. Sai dai jiya ma a sallar la'asar ya tsaya a damana, da muka zauna tahiya ya ɗaga manuniyarsa a miƙe sak, ni kuwa idona ya sauka a kanta har na manta inda na tsaya, sai da na sake karanta abin da nake karantawa daga farko.